Ginshiƙan da Torika Ta Ɗauko

"Ki daina kukan nan, Torika, kina karya mini zuciya."

"In daina? Ka ce za ka bi jirgin kamun kifi ka bar Levuka, sannan ka ce in daina kuka? To me kake so in yi maka, guɗa?"

Setariki yana tsugune a ƙarƙashin gidan, ya kafa wa ginshiƙin tsakiya ido. Ya sa babban yatsa ya danna gindinsa, yatsan ya nutse kamar a dafaffen rogo. Ya zaro ya nuna mata baƙin garin da ya manne masa a farce.

"Kin gani? Ba ni na faɗa ba, itacen ne ya faɗa. Ga damina ta kunno kai. Iska ɗaya mai ƙarfi ta rage wa gidan nan, kuma ranar da ya kwanta, maganata da ke ta kwanta."

Torika ta share hawaye da gefen zaninta, wasu suka biyo baya.

Gidan Kyaftin ake ce wa gidansu. Kakan mahaifinta ya gina shi da katako a kan tudu, sama da titin bakin teku, da baranda ta zagaye shi da tagogin da ake tokarewa da sanda. Tun guguwar da ta wuce ya karkata wajen teku, har ita da mahaifinta suka kwashe suka koma ɗakin girki na baya. Rushewa kuwa ba ta taso ba, domin dokar gari ta hana taɓa tsofaffin gidaje sai dai a gyara su yadda aka same su.

Setariki kafinta ne cikin masu gyaran tsofaffin kantunan bakin teku. Shi ya mayar wa gidan rufinsa, shi ya sake sassaƙa adon baranda da hannunsa, ba wanda ya sa shi. Duk garin ya san ba don Kyaftin yake wannan wahala ba.

Ranar da dattawansa suka hau tudu da tambuwa, haƙorin nan na dabbar teku da ake neman aure da shi, mahaifinta Kyaftin Ilaitia ko hannu bai miƙa ba. Ya dube su ya ce shi gidansa a karkace yake, ba shi da inda zai zaunar da baƙi. Ranar da yaronsu ya tsayar da gidan a kan ƙafafunsa, da itacen vesi irin wanda kakansa ya kafa, su dawo zai karɓa.

Kowa ya gane abin da yake nufi. Kakannin Setariki daga tsibiran Solomon aka kawo su aikin gona, har yau zuriyarsu ba su da ƙasa, balle daji, balle vesi.

"Na zaga tsibirin nan kaf," in ji Setariki. "Duk mai vesi sai ya sunkuyar da kai ya ce an riga ni. Kawunki ya bi gida-gida ya toshe mini hanya, Torika. Ɗansa Waisale yake so ki aura, mahaifinki ma shi yake so. Ni wa nake da shi?"

"Kana da ni."

"Ke ba daji ba ce."

"Seta, ka dube ni." Ta durƙusa a gabansa cikin ƙurar gara, ba ta damu da zaninta ba. "Tun da Nana, mahaifiyata, ta rasu ban yi dariya ba sai da ka hau rufin nan kana waƙa da muryarka mai kama da ta agwagwa. In ka tafi, ka tafi da dariyar. Ina sonka, kuma ban iya son wani ba."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Ya juya mata baya don kada ta gani.

"Ni ma ina sonki, shi ya sa zan tafi. Ba zan tsaya in ga ana hawa tudun nan da tambuwar Waisale ba."

"Yaushe jirgin zai tashi?"

"Mako mai zuwa."

Ta miƙe. Gidan ya yi ƙara a saman kansu, su duka suka ɗaga ido.

*

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Waisale ya iso da motarsa da ya ɗoro a jirgi daga birnin Suva. Ɗan kawunta ne, taubashinta, tavale kamar yadda suke kiran juna. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba, sai dai yanzu tsiyar tasa ta koma neman aure.

Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro. Torika ta jera gwaza da kifi cikin madarar kwakwa, ta koma gefe ta zauna.

"Tavale, kin rame," in ji Waisale yana cika baki da gwaza. "Ko kafintan naki garin katako yake ba ki ki ci?"

"Gara garin katako da cika baki. Ka ci a hankali kada maɓallin rigarka ya tsone wa Tata ido."

Kyaftin, wanda take kira Tata, ya yi gyaran murya. Tsoho ne dogo mai farin gashi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgi tsakanin tsibirai, kuma har yau magana yake kamar yana ba da umarni a kan ruwa.

"Torika, ba wasa ya kawo shi ba. Na gaji da jiranki. Shekarunki sun kai, ƙawayenki duk sun yi goyo."

"Tata, ai kai ka yi alkawari. Ka ce in Seta ya tsayar da gidan..."

"Ya tsayar? Dube shi can, kamar tsoho mai ciwon ƙugu. Ni ban ƙi yaron nan don halinsa ba, hannunsa ma na yaba. Amma in kin haihu, a ina za a binne cibiyar jikana? A ƙasar aro? Waisale jininki ne, ƙasarsa ƙasar uwarki ce. In kin shiga Lovoni, gida kika koma."

"Ni gidana nan ne."

"Wannan?" Waisale ya kwashe da dariya. "Ku bar shi ya huta mana. Doka ta hana rushewa, amma ba ta hana iska busawa ba. Ranar da ya kwanta in turo bulo da siminti a yi wa tsoho gini irin na mutanen yanzu."

Torika ta ga yadda lomar ta tsaya wa mahaifinta a wuya. A gidan nan aka haife shi, kuma kullum da safe sai ya shafa dogarin baranda kafin ya sha shayi. Amma don girman kai, ruwa kawai ya ɗauka ya sha.

Waisale kuwa baki ya buɗe, bai ga wurin tsayawa ba.

"Ki zo ki gani da idonki, tavale. Vesi yana nan jibge a rumfar mahaifina, ya bushe ya zama ƙarfe. Tun ina makaranta ya sare shi ya ajiye don ɗakin aurena. Kafintanki ya yi ta yawo kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai, ko reshe bai samu ba." Ya kashe mata ido. "Ke kuwa me za ki nema ki rasa a Lovoni? Ai vasu ce ke. Duk abin da idonki ya gani a gidan kawunki naki ne tun ranar da aka haife ki. Ni ma ki haɗa da ni ki ɗauka."

Hannunta ya tsaya a cikin kwano.

Vasu, ɗan 'yar'uwa a gidan kawunsa, ba a hana shi abin da ya ɗora wa hannu. A zamanin kakanni har kwalekwale da alade vasu ke ɗauka, mai abu ya bi shi da godiya. Yanzu an mayar da abin wasa, iyakarta ka zare rigar kawunka daga kan igiya a yi dariya. Amma ba ta taɓa jin ranar da aka soke al'adar ba.

"Me ka ce, tavale?"

"Na ce komai naki ne."

"Komai?"

"Har da ni."

Ta sunkuyar da kai don kada su ga abin da ke idonta.

"To na ji. Gobe zan zo in ga vesin."

Kyaftin ya saki ajiyar zuciya, ya ce Allah ya yi mata albarka. Waisale ya ƙara kifi a kwanonsa, yana jin duniya ta zama tasa.

*

Washegari ta biya ta kantin da su Setariki ke gyarawa. Yana kan tsani, ta kira shi ya sauko.

"Kada ka hau jirgin nan. Ka aro jek na ɗaga kaya masu nauyi duk inda za ka samu, ka tara abokan aikinka a gidanmu."

"Jek na me? Da me zan tokare gidan, da addu'a?"

"Ka yi abin da na ce. In rana ta faɗi ban dawo da komai ba, ni da kaina zan raka ka bakin jirgi."

Ta ɗauki hayar a-kori-kura, ta sa doguwar rigar mahaifiyarta mai shuɗin fure, ta rungume damin saiwar yangona, wadda ake damawa a sha wurin gaisuwa. Hanyar Lovoni ta yi ta hawa da gangara cikin daji. In kawunta ya ƙi, ta kunyata kanta da mahaifinta a gaban dangin uwarta, kuma ba ta da sauran dabara.

Labari ya riga ta isa. Ƙauyen ya taru a gidan Momo Apakuki, wan mahaifiyarta, kowa yana zaton amarya ce ta zo ganin filin ɗakinta. Momo mutum ne mai tumbi da fara'a, zai yanka maka alade ba ka roƙa ba, amma ko tsinken sakace ba ya bayarwa daga rumfar katakonsa.

"Ga 'yar Losalini! Ga vasuna!" Ya rungume ta har ta kusa shiɗewa. "Dubi fuska, uwarta sak. Waisale, kai dai ka yi sa'a, ban san me ta gani a jikinka ba."

Aka zauna, aka karɓi gaisuwarta, aka dama yangona a babban akushi. Aka miƙa mata ƙoƙo, ta tafa hannu ta shanye, jama'a suka amsa da tafi. Matar kawunta, Nei Vasiti, tana gefe tana yi mata fifita tana ƙare mata kallo.

Da ƙoƙon ya gama zagayawa, Torika ta nemi gafara, ta ratsa mutane a sunkuye ta fita. Kai tsaye ta nufi rumfar. Ga su nan a jere a kan duwatsu, manyan gungume masu duhun ja, ko gara ba ta yi gigin kusantarsu ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan na sama, sannan ta hau ta zauna ta harɗe ƙafa.

Jama'a suka biyo ta suna dariya.

"Momo," ta ce, "vasunka ta ga abin da take so."

"Ai naki ne, 'yata! Da shi za a gina miki ɗaki."

"Ka ba ni ke nan?"

"Na ba ki duniya da lahira."

"To na gode. A loda mini a mota, Levuka za shi. Da shi za a tsayar da Gidan Kyaftin."

Fara'ar Momo ta zube. Waisale ya ture mutane ya fito gaba.

"Tavale, wane irin wasa ne wannan? Sauko!"

"Kai ka tuna mini jiya a gaban Tata. Ka ce duk abin da idona ya gani nawa ne."

"Ai wasa nake yi!"

"Ni kuwa da gaske na ji."

Wata tsohuwa ta fashe da dariya, aka yi mata tsawa. Momo ya goge zufa da gefen zaninsa, ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Ba wanda yake son a ce a gabansa aka hana vasu, domin abin kunya ne da za a yi ta ba jikoki labari.

"Dakata," in ji Momo, yana lalube. "Vasu ba da baki ake zama ba. Sai an kawo fuskar yaro garin uwarsa da kaya, an nuna shi ga dangi. Mahaifinki da girman kansa, yaushe ya kawo fuskarki Lovoni? Ni ban tuna ba."

Gaban Torika ya faɗi. Tana jaririya aka yi ko ba a yi ba, ba ta sani ba.

Sai Nei Vasiti ta ajiye mafici.

"Apakuki, ka ji tsoron Allah."

"Vasiti, ba da ke nake ba."

"Ni da kai nake. Ba ka tuna ba? Wa ya karɓi tambuwar ranar, yana kuka har da majina? Wa ya ɗaura zanin da suka kawo sai da ya yage a mazaunai, na yi masa faci ya sake yagewa? Kananzir ɗin da Kyaftin ya jibge a ƙofar nan, a fitilar wa ya ƙare? Ni na goya yarinyar nan na zaga da ita gida-gida, ta yi mini fitsari a sabuwar riga!"

Dariya ta ɓarke ko'ina, har dattawan suka kasa riƙewa.

"Nana!" in ji Waisale. "Ɗakina fa za ta kwashe! Ke uwar wa ce?"

"Uwarka ce, shi ya sa nake gaya maka. Macen da ta hau gungume a gaban gari don wani namiji, in ka aure ta gangar jiki ka aura. Ka je Suva, 'yan mata sun fi kifi yawa."

Momo bai yi dariya ba. Ya matso kusa da Torika, ya rage murya.

"Kin san wa za ki kai wa itacen nan? Mutumin da ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Shekara da shekaru ina tanadi don ɗana, ki ɗauka ki miƙa wa bare?"

Hawayen da take riƙewa tun safe suka ɓalle.

"Momo, ba Seta zan kai wa ba, gidan zan kai wa. Ta barandar nan ƙanwarka ta shiga tana amarya, kai ka riƙe mata hannu a matakala. A ɗakin baya ta haife ni. A ɗakin ta yi jinya, ta sa aka juya mata gado don ta riƙa kallon duwatsun Lovoni ta taga. Ranar da za ta cika, sunanka ta kira. In gidan nan ya faɗi, ɗakin Losalini ne ya faɗi, kuma ga maganinsa a rumfarka yana shan inuwa."

Torika ta ci gaba.

"Shi kuwa wanda kake kira bare, shi ya hau rufin ya hana ruwa zuba a kan gadonta, alhali 'yan'uwa suna jiran iska ta ƙarasa aiki. Ina sonsa, Momo, ba zan ɓoye maka ba. In ka hana ni, ba zan yi maka rashin kunya ba. Zan sauka in tafi, amma ka sani ka hana 'yar Losalini."

Momo ya rufe fuska da hannu biyu. Ƙaton mutum, sai ga kafaɗunsa suna girgiza.

Da ya ɗago, sai ya daka wa samari tsawa.

"Me kuke kallo? Ku loda! Har da na ƙasan, kada ku bar mata ko ɗaya a baya." Ya ja majina. "Kuma ba za a ce vasun Lovoni ta shiga gari da itace ita kaɗai kamar ɓarauniya ba. Duk mai kafaɗa ya hau mota."

Waisale ya cire tabarau ya dube ta, ransa a ɓace.

"Tavale, kin cuce ni."

"Bakinka ya cuce ka. Gobe in kana cin gwaza ka riƙa yin shiru."

Ya shige motarsa ya buga ƙofa, bai yi wa kowa sallama ba.

*

Mota ba ta hawa tudun Gidan Kyaftin, sai matakala. A bakin titi aka sauke gungumen, mazan Lovoni suka saɓa a kafaɗa suna waƙa, Momo a gaba yana haki yana ba da baiti. Masu kantuna suka fito, matan masana'antar kifin gwangwani da suka taso aiki suka biyo baya suna tafi. Torika tana tsakiya, rigar uwarta duk ta yi jan ƙasa, dariya take tana kuka.

Setariki yana tsaye a tsakar gida da abokan aikinsa da jek ɗinsu. Da ya ga gungumen farko ya leƙo saman matakala, guduma ta suɓuce daga hannunsa.

"Torika... wannan vesi ne."

"Da na ce maka gwanda zan kawo?"

"Ina kika... yaya aka yi..."

"Ka ce ni ba daji ba ce. To rufe bakinka ka kama aiki, hadari na haɗuwa."

Kyaftin ya fito daga ɗakin girki da sandarsa. Ya dubi itacen, ya dubi surukinsa Apakuki, ya dubi rigar da ke jikin 'yarsa. Fuskarsa ta ɗaure tamau.

"Apakuki, me ke nan? Ba haka muka yi da kai ba."

"Ni ma ba haka na yi da kaina ba," in ji Momo, ya zube a kan dutse yana fifita da hula. "Vasu ta ɗora hannu, Ilaitia. Kai ka kawo fuskarta garinmu, yau ga sakamakon kananzir ɗinka. In kana da ƙarfin hana ta, bismillah, ni na gaza."

Magana zarar bunu ce, kuma a gaban dattawan mutane Kyaftin ya zare tasa. Ya juya ya koma ciki.

Aikin ya ci kwanaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle gida, don haka mazan Lovoni suka ƙi komawa, suka baje a makarantar coci. Setariki yana ƙarƙashin gidan tun safe, yana kiran a ɗaga a hankali, a tokare, a zare ruɓaɓɓen ginshiƙi a kafa sabo a kan dutsensa na asali. Gidan yana kuka yana miƙewa kaɗan-kaɗan. Torika da Nei Vasiti suna bakin murhu, gwaza da rogo ba sa yankewa.

Kyaftin bai leƙo ba ko sau ɗaya. Amma Torika ta lura shayinsa yana hucewa a kofi, shi kuwa yana manne da tagar ɗakin girki.

Ranar da aka zare jek na ƙarshe, aka yi ruwa da iska tun hantsi. Mangwaro ya yi ta rangaji, kwanon maƙwabta ya tashi, Gidan Kyaftin ko gezau. Da ruwan ya ɗauke, tsohon ya fito da lemon tsami ɗaya a hannu. Ya hau baranda, ya tura ƙofar zaure da ta shekara a cije, ta buɗe ba gardama. Ya shiga tsakiyar ɗakin ya ajiye lemon a kan daɓen katako.

Kowa ya leƙo ta taga yana kallo. Lemon ya zauna inda aka ajiye shi, bai gangara ko'ina ba.

Kyaftin ya wuce ɗakin baya, ya tokare tagar da ke kallon duwatsu, ya zauna a bakin gadon matarsa. Torika ta bi shi ta durƙusa a gabansa.

"Tata, ka yafe mini in na kunyata ka."

"Kin kunyata ni," ya ce, hawaye na bin furfurar gemunsa. "Haka uwarki ta yi mini shekara da shekaru, kuma ban taɓa yin nasara a kanta ba. Tashi ki shimfiɗa tabarmi a zaure. Ki aika wa mutanen nan su zo, yanzu ina da inda zan zaunar da baƙi."

Da yamma dattawan Setariki suka hau tudu cikin fararen riguna. Suka shiga ta ƙofar gaba suka zauna daga ƙasa-ƙasa, inda baƙo ke zama. Babbansu ya durƙusa ya ɗaga tambuwa da igiyarta, ya yi jawabi muryarsa na karkarwa, don bai manta yadda suka sauka da ita wancan karon ba.

Torika tana bayan labule, ta riƙe hannun Nei Vasiti har tsohuwar ta ce za ta karya mata yatsu.

Kyaftin ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Ya sumbaci haƙorin, ya ce ya karɓa da zuciya ɗaya. Tafi ya cika zauren, Momo ya fi kowa kuka, matan da ke baranda suka kaure da shewa har ana ji a bakin teku.

"Ina yaron yake?" in ji Kyaftin.

Setariki yana tsakar gida tun ɗazu, kunya ta hana shi kusantar zauren. Da aka kira shi ya cire takalmi, ya kama hanyar zagayawa ƙofar gaba da kansa a sunkuye.

Kyaftin ya miƙe da kansa ya buɗe ƙofar gefe, wadda ba mai bi ta cikinta sai ɗan gida.

"Setariki! Ina za ka?"

"Ƙofar gaba, ranka ya daɗe."

"Wannan ta baƙi ce. Kai ka ɗora gidan nan a kan ƙafafunsa, ɗana. Shigo ta nan."